Dattijon da ke Cikin Bututu

"Kar ki taɓa bututun nan, Maman Ridwan," in ji Mama Bibiana daga kan kujerarta. "Yana ciki."

Hannuna na cikin akwatin gilashin kifinta har gwiwa, ina kwashe ruwa da kofi ina zubawa a bokiti. Tun da ƙafafunta suka kumbura ni nake canza mata ruwan duk Asabar. Shekara goma sha ɗaya muna gida ɗaya a Muchia, ƙofata na kallon tata.

"Mama, wata huɗu ke nan ban ga ko jelarsa ba."

"Ni ma haka. Amma kokwambar da na sa jiya fa, wa ya ci?"

Ta yi aikin ɗakin gwaje-gwaje a Samaru har ta yi ritaya. Wani malami Ba'indiye da zai koma ƙasarsu ne ya bar mata kifayen, su biyar, kowanne bai fi ɗan yatsa ba. Shekara goma sha tara ke nan. Huɗu sun mutu ɗaya bayan ɗaya, saura wanda take kira Dattijo. Ta ce irinsu a ƙasan ruwa suke zama, cikin 'yan uwa, kuma suna girma suna ƙara son duhu. Da ya rage shi kaɗai sai ya shige guntun bututun roba ya daina fitowa idan da ido a kansa.

Ran Laraba 'yarta Clara ta iso daga Legas. Ta ga ƙafafun, ta ji numfashin, ta ce gobe sai asibiti a Shika.

"Ba inda za ni sai na gan shi," in ji Mama.

"Kifi, Mama? Ki bari in ɗaga bututun ki gani, mu tafi."

"In kika fito da shi da ƙarfi, ba shi na gani ba. Tsoronsa na gani."

Clara ta same ni a tsakar gida ina tsintar shinkafa, idanunta jawur. "Anti Safiyatu, ki yi mata magana. Likita ya ce ruwa ne ke taruwa a ƙirjinta." Na yi wa Mama magana. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce in sauke labulen taga.

Kwana biyu muka yi a haka. Ranar Juma'a bayan la'asar aka ɗauke wuta, injin da ke hura iska a ruwan ya tsaya, ɗakin ya yi tsit. Mu uku muna zaune. Sai muka ji ƙas, ƙas, kamar ana fasa gyaɗa.

"Shi ne," in ji Mama a hankali. "Kada wadda ta motsa."

Gashin baki ya fara leƙowa, sai kai. Ya yi ta fitowa kamar ba zai ƙare ba. Ya fi tafin hannuna tsawo, ga kauri, jikinsa ruwan lemo da baƙaƙen ratsi uku, fikafikansa ja. Jelarsa kawai na taɓa gani, ban taɓa sanin irin wannan halitta na zaune taku goma daga inda nake girki ba. Bakina ya ce subhanallahi ban sani ba. Clara ta yi alamar gicciye.

Ya zagaya akwatin sau ɗaya, ba gaggawa, yana shinshinar yashi. Ya zo daidai inda Mama ta jingina goshinta, sai ya kife a gefe ɗaya, ya daina motsi.

"Ya mutu!" Clara ta miƙe.

Mama ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. "Zauna. Barci yake. Haka suke kwanciya in hankalinsu ya kwanta." Ta daɗe tana kallonsa. "Dubi yadda ya ƙara girma. Ashe duk wannan lokacin girma yake yi a can ciki." Ta goge idonta da gefen zane. "To, Clara, nemo motar."

Kwananta uku a asibiti. Ran Litinin da hantsi Clara ta kira ni a waya, kukanta kawai na ji, na gane Mama ta rasu.

Bayan an kai ta gida Kudu an binne, Clara ta dawo kwashe kaya. Ta ce Mama ta bar wasiyya a ba ni akwatin. Maza huɗu suka ɗauko shi da rabin ruwansa, ina gaba ina cewa a bi a hankali.

Maigidana Malam Uba, wanda bai taɓa shiga ɗakin Mama ba, ya ce wannan ai wahala ce kawai. Jiya da na dawo daga kasuwa na tarar da shi zaune a tabarma gaban gilashin, hularsa a gwiwa, rediyo a kashe, shayinsa ya huce a gefe. Ya ɗaga mini hannu, wai in tako a hankali.