Cinyar Dagaci

Ranar da muka binne Baba, tun kafin ƙasar kabarinsa ta bushe, Barau, maharbin ɗaya gidan, ya fara gyara gemu yana gaisawa da mutane da hannu biyu kamar mai neman kansila. Kowa ya san abin da yake hange. Sarautar Sarkin Baka ta ƙauyenmu, can bayan Kwandiko, ta daɗe a gidanmu tun kakan kakanmu, amma ba a gadonta a kwance. Mai son rawanin sai ya kai wa Dagaci cinyar dama ta naman daji mai kofato, wanda ya harba da hannunsa a cikin ƙasar garin, kafin sadakar arba'in. In ya kasa, sarauta ta koma gidan su Barau.

Yayana Dogara shi ne mai gado. Ni Rilwanu direban motar itace ne, ko ƙadangare ban taɓa harbi ba, kuma ban ji na rasa komai ba. Amma Dogara tun yana yaro babu abin da yake so a duniya irin a kira shi Sarkin Baka. Bai iya noma ba, bai iya ciniki ba, sawun dabba kawai ya iya karantawa.

Wanda ya kafa al'adar cinya bai san za a yi jihar Jigawa ba. Tun shekarar da aka ba mu jiha kowa ya tashi da yunwar fili da itace. Ana gini a Dutse, masu gawayi sun cika hanya, gidajen burodi na Kano kullum tandunsu a buɗe. Alhaji Maikuɗi, ɗan garinmu da ya yi arziki a birni, ya dawo da takarda mai tambari da katafila biyu, cikin sati uku ya mayar da dajin gabas fili fetal, har kana iya hango mai tsugunno daga nesa. Kada in yi ta zagin mutane in manta da kaina: ni na kwashe. Marke, ƙirya, kanya, taura, duk a bayan motata suka bi ta Birnin Kudu suka tafi. Idan wani ya tambaye ni ina dajinmu yake, nakan ce masa an toya burodi da shi, kuma ya yi daɗi.

A cikin wannan filin Dogara ya shiga neman cinya. Kullum da sassafe sai ya ɗaura warki, ya rataya layun Baba har yana tafiya suna kacau-kacau, ya saɓa bindigar toka ya fita. Da la'asar ya dawo da ƙaya a ƙafa. Ranar tara da rasuwar Baba ya kawo zomo. Matarsa Mairama ta ɗaga zomon da kunne ta juya shi, ta ce, "Malam, na duba ko'ina ban ga kofato ba." Ranar sha bakwai ya bi wani sawu tun hantsi har azahar, sawun ya kai shi garken tumakin Alhaji Maikuɗi, mai gadi ya ba shi ruwa ya sha. Barau kuma kullum sai ya biyo ta ƙofar gidanmu ya yi sallama, ya ce, "Ya dajin, Dogara? Allah ya sa dai ba su yi maka yawa ba."

Da na ga ya fara rama, sai na ba shi shawara irin ta direba.

"Yaya, akwai masu kawo naman daji daga wajen Bauchi. In sayo maka cinyar barewa, ka shafa mata toka, ka harba bindiga sama. Wa zai sani?"

Ya dube ni kamar na zagi Baba a kabari. "Shekara talatin Dagaci yana cin cinya daga hannun Baba. Harshensa ya san ciyawar garin nan. Kuma ko bai sani ba, ni na sani."

Na ce to, Allah ya ba da sa'a, mai gaskiya.

Wuri ɗaya ne ya rage, Kurmin Kulu, wani ɗan duhu da ke tsakanin duwatsu biyu inda katafila ta kasa shiga. Akwai idon ruwa a ciki. Ba a sara, ba a sa wuta, ba a harbi a nan, kuma aikin Sarkin Baka ne ya hana. Mutanen gari sun yarda aljanu ne a ciki. Baba ya taɓa gaya mana yana dariya cewa kakansa ne ya zuba aljanun da bakinsa, don ya ga mutanenmu sun fi tsoron aljani a kan Dagaci. Ainihin dalilin shi ne nan dabbobi suke shiga su haihu, in 'ya'yan sun yi ƙwari su fito daji a harbe su. Baba yana kiran wurin ɗakin jego.

Ranar talatin da tara, bayan azahar, na ga Dogara ya ɗauki ashanar Mairama ya zura a aljihu. Na bi shi. A hanya na ce, "Yaya, ɗakin jego ne fa."

Ya ce, "Gefe ɗaya kawai zan kunna. Abu ya fito, in harba, mu kashe wutar."

Da na so, da na riƙe hannunsa. Na fi shi ƙarfi. Amma shekara uku ina wucewa ta gefen kurmin nan ina haɗiyar yawu saboda wasu ƙiryoyi masu kauri da ke ciki, don haka muryata ba ta fita sosai ba.

Rani ne, ciyawa ta bushe ƙamas. Wutar da aka ce gefe ɗaya ba ta ji wannan magana ba. Kafin Dogara ya gama gyara tsayuwa ta haye kan itatuwa tana ƙara, iska ta juya ta zagaye kurmin. Hayaƙi ya kira gari. Ga maza da sanduna, ga karnuka, ga mata da kwanduna, kowa ya manta da aljanu.

Sai 'yan cikin suka fara fitowa. Birai shida suka haye dutse suna mana ihu, kuma na tabbata ba addu'a suke yi ba. Burgu ya fito, aka rufe shi da sanda. Guza ta fito, mutum huɗu suka yi kokawa a kanta. Akuyar maƙwabciyarmu Turai da ta ɓata tun damina, wadda aka yi ta zargin kura a kanta, ta fito da 'ya'ya biyu tana tafiyar ƙasaita. Turai ta rungume ta tana kuka tana dukanta. Bushiya da kunkuru ba su fito ba, ƙaurinsu kawai muka ji.

Can wuta ta kusa cin ƙarshen kurmin, sai ga gada. Ƙarama ce, ba ta kai akuyar Turai ba, gashin bayanta ya babbake. Ba ta gudu ba. Ta fito ta tsaya a gaban Dogara tana tari, idonta na zubar da ruwa saboda hayaƙi. Tsakaninsu bai fi taku biyar ba. Ko ni da na harba da na samu.

Dogara ya ɗaga bindiga ya daɗe. Barau daga baya ya ce, "Ko a riƙe maka ita ne?" Sai bindiga ta tashi.

Maharbi in ya kayar da nama yakan yi kirari, ya kira sunan ubansa da kakansa. Dogara bai yi ba. Ya durƙusa ya yanka, ya goge wuƙa a ƙasa. Muka jira ko wata za ta biyo ta, har itace na ƙarshe ya faɗi. Babu. Wallahi kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba, ni da ba na jin kunyar kowa.

Washegari aka yi sadakar arba'in, aka wuce ƙofar Dagaci. Aka naɗa wa Dogara rawani, makaɗi yana zuga shi da mai karya wuyan zaki, mai sa giwa zawo. Cinyar kuwa da aka gasa aka kawo, a faranti ɗaya ta zauna har da sauran wuri. Dagaci ya gutsura ya lumshe ido, ya ce lallai ta garin nan ce.

Barau ya matso ya durƙusa. Na ɗauka rigima zai tayar, ashe ya fi mu hankali.

"Ranka ya daɗe, muna taya Sarkin Baka murna. Sai dai tunda aljanun kurmi sun tashi, kuma toka taki ce, ina roƙon a yanka mini wajen idon ruwan nan in ɗan sa tumatir."

Kafin ya rufe baki mutum bakwai sun durƙusa a bayansa. Dagaci ya raba kurmin yana tauna, bai ko ajiye ƙashin ba. Ni ma aka ce in kwashe kututturan da suka rage, kuma ban ce a'a ba.

Da ya gama ya suɗe yatsu, ya dubi Dogara. "Madalla, Sarkin Baka. Ka san dai yadda mahaifinka yake yi, kowace shekara cinya ɗaya. Allah ya kai mu baɗi, ka samo mana wadda ta fi wannan tsoka."

Dogara ya ce, "Amin, ranka ya daɗe."

Muka taho gida mu biyu, rawanin yana ta zame masa yana gyarawa. Daga hanya ana hango tsakanin duwatsun, baƙi ƙirin, hayaƙi bai gama tashi ba amma har an fara kafa turaku. Ya tsaya ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Rilwanu, gobe ta ina za ka bi?"

Na ce, "Dutse zan kai kaya."

Ya ce, "An ce masu sababbin gidajen can suna neman masu gadi, kuma sun fi son maharba. Ka tambayar mini. Ka ce musu Sarkin Baka ne, ko za su ɗauka da wuri."