Ɗakin Sanyi a Jirgin Yanbu

"Ba zan shiga ba. Ka kwashe takardunka ka mayar musu."

Yaya Ɗan'inna ke nan, yana zaune a kan darduma a falo, sandarsa a kwance kan cinya. Ɗansa Abdussamad yana tsaye a kansa, ko farar rigar kantin magani bai cire ba.

"Abuya, ka riga ka amsa. A gabana ka amsa, a gaban Gwaggo ka amsa."

"Na amsa ban san ka tanadar mini firiji ba."

Gwaggon da ake kafa shaida da ita ni ce, Uwa, ƙanwar tsohon. Tun da mijina ya rasu nake zaune da su a unguwar Al-Sih ta Madina. Ina gefe da faranti ina tsintar shinkafa, kuma tun da nake a duniya ban taɓa tsince shinkafa da kyau irin na ranar ba. Ko ɗaga kai ban yi ba.

Bari in koma baya kaɗan, don ku gane.

Yaya yana da 'ya, Safiyyatu. Ta auri wani ɗalibi ɗan Zinder, ya tafi da ita Alƙahira. Mu ba 'yan ƙasa ba ne, da iƙama, wato takardar izinin zama, muke zaune duk da tsufanmu a nan, to da ta daɗe a can tata iƙamar ta mutu. Ta nemi bizar umra, ta sake nema, kullum sai a ce takardun mijin da gyara. Ta haifi 'ya'ya uku, Yaya bai taɓa ɗora hannu a kan ko ɗaya ba. Sai dai kaset take aikowa idan an samu mai zuwa, yaran suna gaishe shi da Larabcin Misira, shi kuma ya yi ta mayar da kaset ɗin baya har ya fara cin zare.

Za ku ce me ya hana shi ya je. To, Yaya ba ya kwana a wajen Madina. Ba shi kaɗai ba, tsofaffinmu da yawa haka suke. Mutum ya gama wahalar duniya ya samu zama a garin Manzo, ba ya son ya fita kwana ɗaya ajali ya riske shi a wani wuri, a rasa kai shi maƙabartar Baƙi'a. Ko umra zai yi, da safe yake tafiya Makka, ya gama, ya hau mota ya dawo ya kwanta a ɗakinsa. Likkafaninsa yana saman kabad, an wanke da zamzam. Kullum bayan asuba yana bin gawar mutanen da bai sani ba zuwa Baƙi'a, ya dawo yana ba ni labarin inda aka kai da haƙa, kamar mai duba fili. Ni mace ce, ta tagogin katanga kawai nake leƙawa.

Sai ga Abdussamad wata rana da takarda mai launi, ta wani sabon jirgin ruwa da zai fara tashi daga Yanbu idan an yi hutun makaranta. Jirgin iyali ne, inji shi, ba irin na alhazai ba. Ya baje mana ita a kan tabarma. Akwai wurin zamiyar yara mai lanƙwasa kamar hanji. Akwai wurin wanka na mata daban, a rufe ruf. Abinci tun safe har yamma, kowa ya ɗauki faranti ya zuba da kansa. Akwai wani mutum da zai sa kayan kifi yana yawo yana gaisawa da yara, wanda ni dai na ce Allah ya ba shi wata sana'ar. Akwai masallaci, da wani allo da ke nuna alƙibla duk inda jirgin ya juya. Akwai likita. Babban abin kuma, jirgin zai tsaya a gaɓar Misira, Safiyyatu da yaranta su shigo, a yi kwanaki tare.

Ya sha wuya kafin uban ya yarda. Ya kawo likitan da ke duba Yaya har gida ya ce zuciyarsa lafiya lau. Ya yi zirga-zirgar bizar fita da dawowa. Abin da ya karya tsohon dai kaset ne, inda autar Safiyyatu ta ce da Hausarta mai tsalle, "Kaka, zo." Yaya ya ce to, in sha Allahu. Ni har na kai yadi wurin tela, don da ni za a.

Matar Abdussamad, Sundus, yarinya ce mai kirki, sai dai ba ta iya riƙe abu a ciki ba, ni kuma ban iya barin abu a cikin mutum ba. Muna yanka albasa na ga tana ta jan numfashi. Na ce, 'yata, mene ne. Ta ce babu. Na ce babu ba ya sa mutum ya yanka albasa har da bawonta. Sai ta rage murya ta ce Abdussamad ya tambayi mutumin ofishin jirgin, idan wani abu ya samu dattijo a tsakiyar ruwa yaya ake yi. Mutumin ya ce akwai ɗan ɗakin sanyi a ƙasan jirgin, a nan ake ajiye mamaci har a kai tashar da ke gaba, a miƙa wa hukumar ƙasar. Abdussamad ya kasa barci saboda wannan magana. Ta ce, "Amma, don Allah kada Baba ya ji." Amma take kirana, irin na Larabawa. Na ce haba, ni yarinya ce.

Allah na gani, har Asabar ban gaya wa kowa ba.

Ranar Asabar mukan je Ƙuba mu yi nafila, daga nan mu zarce gidan Lauratu a unguwar Ƙurban mu sha shayi da na'ana'a. Lauratu ƙawata ce tun muna sayar da gyaɗa a bakin Harami, amma tana da baƙin hali guda: ɗanta ya kai ta Abha sau ɗaya ta hau motar nan mai rataye a waya, shi ke nan ba mu ƙara hutawa ba. Ranar ta sake ɗauko Abha. Na ce mu ma jirgin ruwa za mu shiga. Na ba matan da ke wurin labarin zamiya, na ba su mai kayan kifi, na ba su allon alƙibla. Lauratu ta taɓe baki ta ce ai duk otal-otal ɗin bakin Harami suna da irin wannan. Sai na ji abin ya taso mini.

Na ce, otal ɗinku yana da ɗakin gawa?

Falo ya yi tsit. Wayyo, daɗin wannan shirun. Mata shida da kofuna a hannu, kowa ni take kallo. Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Sai na ce ɗakin yana jikin inda ake ajiye kaji da kifi, bango ɗaya ne tsakani. Na ce durowa-durowa ne, ana jawowa. Ban san inda na samo durowar ba. Wata ta ce, ke ya aka yi kika sani. Na ce ai Abdussamad da kansa ya je ya tambaya, saboda tsohon.

Na manta, ko in ce ban so in tuna ba, cewa mijin Lauratu, Malam Ja'afaru, kafaɗa da kafaɗa suke sallar la'asar da Yaya a Harami. Kafin maganar ta bi ta bakin Lauratu ta bi ta nasa, ta zama Abdussamad ya riga ya kama wa ubansa durowa.

Akwai kuma abin da na sani sarai, wanda ya kamata ya ɗaure mini harshe. Lokacin da iyayenmu suka tsallako teku daga tashar Sawakin a jirgin katako, ina goye, Yaya yana ɗan yaro. Innarmu ta rasu a tsakiyar ruwa. Aka naɗe ta, aka ɗaura mata dutse, aka sauke ta. Ni ban san komai ba, wata mata ce ta shayar da ni har Jidda. Shi ya gani da idonsa. Bai taɓa cin kifin teku ba tun da na san shi. Mutumin da ya danne wannan duka ya ce zai hau ruwa don ya ga 'yarsa, shi na je na yi wa ado da kaji da durowa don in rufe bakin Lauratu.

To, mu dawo falo.

"Wallahi ban kama komai ba," Abdussamad yake cewa. "Tambaya na yi. Tambaya kawai. Ni ɗanka ne, dole in san abin da zan yi."

"Me suka ce maka?"

Abdussamad ya kawar da kai.

"Ka faɗa mana. In na mutu a ruwa, Baƙi'a za su kawo ni?"

"Za a iya nema. Akwai hanyoyi, ana rubuta..."

"Za su kawo ni?"

"Ban sani ba, Abuya."

"Ka san ba ka sani ba, ka zo ka nuna mini zamiyar yara."

Yaron ya sunkuyar da kai. Na ce yaro, mutum ne mai furfura a gemu. Can sai ya juya wajen ƙofar kicin, inda Sundus take tsaye da tire.

"Mutum ɗaya na gaya wa. Mutum ɗaya a duk Madina." Daga nan ya juye Larabci, da sauri, irin wanda suke yi idan ba sa son mu tsofaffi mu bi. Na bi sarai. Ya ce mata bakinta ya raba uba da 'yarsa.

Sundus ta kalle ni. Kallo ɗaya, ba ta daɗe ba. Ta mayar da idonta kan tire ta ce, "Ka yi haƙuri." Ni kuwa na samu wani ɗan tsakuwa a shinkafa na yi ta juya shi da yatsa. Na buɗe baki, Allah ya sani na buɗe, sai na ji kaina ina cewa, "A dai bi komai a hankali."

Abdussamad ya zaro katin waya daga aljihu, ya jawo wayar gidan har igiyarta ta miƙe, ya danna lambobi.

"To, tayyib. Ba ni zan gaya wa Safiyyatu ba. Ta saya wa yara kaya, ta gaya wa maƙwabta. Kai ka gaya mata."

Ya miƙa wa uban. Yaya ya karɓa da hannu biyu. Muna jin muryar Safiyyatu sama-sama, tana ta jero gaisuwa, yara suna ihu a bayanta kowa yana son a ba shi. Yaya ya ce lafiya lau. Ya ce alhamdu lillahi. Ya ce zafi ya fara. Ya sake cewa lafiya lau.  Sai ya cire wayar daga kunne ya miƙo mini, ko kallona bai yi ba.

"Ungo, Uwa. Ke da ba a rasa magana a bakinki. Ki ƙarasa abin da kika fara a Ƙurban."

Ashe ya sani. Malam Ja'afaru bai rage komai ba. Na ji idon Abdussamad ya sauka a kaina, na ji kuma ya tashi ya koma kan matarsa.

Na kara wayar a kunne. Safiyyatu ta ce, "Gwaggo, lafiya? Na ji muryar Baba wani iri. Yana nan zuwa dai ko?"

Ni dai a raina gyara na so in yi. Na ce idan na faɗa a gabansa, kunya za ta hana shi warwarewa, Yaya mutum ne mai kunyar 'ya'yansa. Na ce, "Yana zuwa mana. Mura ce kawai. Har sabuwar jallabiya ya ɗinka."

Ta rangaɗa guɗa a cikin waya har sai da na janye kunne. Duk falon an ji. Tana kiran yara tana cewa Kaka yana zuwa, Kaka yana zuwa.

Yaya ya miƙo hannu. Ban ba shi ba. Ya bar hannun a miƙe har na ba shi.

"Safiyyatu. Saurara. Gwaggonki ba ta faɗa miki gaskiya ba. Ba zan zo ba." Ya saurara kaɗan. "A'a, lafiyata ƙalau. Tsoro nake ji, shi ke nan. Ina tsoron in mutu a inda ba nan ba. Na auna ke da kabarin, na auna, na sake aunawa, ban iya ba. Ki yafe wa ubanki."

Ba mu ji abin da ta ce ba, don ta daina ɗaga murya. Ya daɗe yana saurare yana gyaɗa kai. Ya ce, "To. To. Ki shafa mini kansu." Kati ya ƙare, wayar ta ɗauki ƙara. Bai ajiye ta ba, ya riƙe ta a cinya kusa da sandar.

Abdussamad ya tattara takardun jirgin daga kan tabarma, ya daidaita bakinsu a hankali. Ya ɗan tsaya a gaban Sundus. Sannan ya zo gabana.

"Gwaggo, kina zaune ina zaginta."

Na ce, "Ɗana, ni durowar ce kawai na ƙara."

Ya kalle ni, ya kalli ubansa. Ya ajiye takardun a cikin farantin shinkafata, ya zura takalmi, ya fita, ya bugo ƙofar har labule ya tashi.