Lamba Uku

Injiniya Widagdo ya karɓe mabuɗin ruwa daga hannuna ranar Litinin. Shekara talatin da takwas ina juya bawul-bawul, wato makunnan bututun ruwan garinmu, da wannan ƙarfen. Ya ce yanzu kwamfuta ce za ta faɗi juyi nawa kowanne ke so.

Ya ɗura mata taswirar bututu, ya ɗura mata littattafan aikina kaf. Bai tambaye ni ba. A littattafan nan uku nake rubutawa kullum, don ita kaɗai ce lambar da hannuna ya iya rubutawa. Aikin kuwa da kunne nake yi: in kafa sanda a kan bututu, in saurara, in juya har ruwa ya daina tari.

Kwamfuta ta yi nazari, ta ce a juya kowane bawul sau uku. Aka juya. Famfon maƙabarta ya yi ta ambaliya, unguwar kan tudu ta bushe ƙaf.

Rana ta huɗu Bu Ngatinem, wato Iya Ngatinem a yarenmu, mai suyar awara a kan tudu, ta sauko ofis da bokiti. Ina zaune a benci, tunda ba ni da aiki.

"Bu, kuna da ruwa," in ji Widagdo, ya juyo mata allon kwamfutar. "Ga layinku nan, shuɗi."

Ta tara bokitin a ƙarƙashin allon, ta kira shi Mas, yadda muke kiran samari. "To kunna, Mas. Waken suyana na jira."

"Ba haka ake yi ba."

"Matattu suna wanka, mu muna wari. Wace makaranta ce ta koya maka wannan?"

Ta ƙi tafiya. Ta kife bokitin ta zauna a kai.

Bayan azahar Widagdo ya ɗauko mabuɗin, ya tsuguna gabana, ya kira ni Mbah, wato kaka.

"Mbah Sarijo, hau tudu ka juya yadda ka saba."

Na karɓa, na hau, na saurara. Juyi goma sha ɗaya da rabi na yi. Ruwa ya zo.

Da na sauko yana jirana a ƙofa, ya kama bakin mabuɗin bai saki ba.

"Mbah, gobe shugaban hukumar ruwa zai zo. In kana son ƙarfen nan ya zauna a hannunka, ka ce masa uku ka juya, yadda kwamfuta ta faɗa."

Na sakar masa.

"Riƙe abinka. Ba zan faɗa ba."