Da Sauransu

A jami'ar kowa Mai Kwalabe yake ce masa, har masu shara. Malamin kimiyyar ruwa ne, shekararsa ashirin da biyu yana koyarwa, kuma ba ka ganinsa sai da tsohuwar jakar nan da kwalabe ke ƙara a cikinta. Shekara uku ya yi yana zarya unguwar da ke bayan masana'antu, yana ɗibar ruwan rijiyoyinsu, ya auna, ya rubuta a wani baƙin littafi. Ruwan ba ya shayuwa. Shi ya sani a rubuce, su kuma ciwon ciki ya daɗe da gaya musu.

Sai ya ɗauki littafin ya shiga bin kamfanoni ɗaya bayan ɗaya, na fenti, na sabulu, na robobi. Maganarsa ɗaya ce: kuna cin arziki a gefen mutanen nan, ku haɗa hannu da jami'a a samar musu ruwan sha. Ya sha zaman benci a ƙofar manajoji har masu gadi suka daina tambayarsa wa yake nema. A ce masa manaja ya fita, a ce ya dawo jibi, shi kuma bawan Allah jibin sai ya dawo.

Ana cikin haka Dakta ta dawo daga ƙarin karatu. Ɗalibarsa ce, shi ya koya mata riƙe kwalbar gwaji, shi ya rubuta mata takardar shaida ta tafi. "'Yata" yake ce mata tun tana aji ɗaya. Shugaban jami'a ya buɗe sabon ofishi na hulɗa da kamfanoni, ya ɗora ta a kai, da na'urar sanyaya ɗaki da kujera mai juyawa. Kuma a faɗi gaskiya, yarinyar ta iya. Abin da ya gagari Malam shekara uku, a wata biyu ta gama shi. Ta tara manajojin a ɗaki ɗaya, ta haska musu hotuna a bango, ta nuna wa kowannensu inda tambarin kamfaninsa zai fito. Da sakamakon baƙin littafin ta yi aiki, ba ta kuma ɓoye ba, a gabansu ta faɗa. Amma wa ke jin wannan? Ita suke kallo.

Ranar buɗe famfo na farko aka yaye ƙyalle daga kan allon dutse. Malam ya matsa kusa, ya gyara tabarau. An rubuta cewa an samar da wannan famfo da haɗin gwiwar jami'a da kamfanonin uku, bisa jagorancin shugabar ofishin hulɗa da kamfanoni, da sauransu.

Sau uku ya karanta. Shekara uku na tafiya a rana, ga su nan an dunƙule su a kalma biyu.

Dakta ta same shi a gefe, fuskarta duk ta canza. "Malam, wallahi na aika da sunanka. Mai sassaƙa allon ne ya ce tamburan kamfanoni sun cinye wurin. Sai yau na gani."

"Ba komai, Dakta," ya ce.

Ta ɗan tsaya. Bai taɓa kiranta haka ba.

Washegari ya shiga ɗakin shan shayin malamai, wani malamin lissafi da ba ya barin magana ta wuce ya ɗaga kofi ya ce, "Barka da zuwa, Sauransu." Aka kwashe da dariya, shi ma ya yi yaƙe. Shi ke nan, suna ya bi shi. Har gida ya kai, don matarsa ta taɓa leƙowa ta ce, "Sauransu, abinci ya sauka." Da ta ga fuskarsa ba ta sake ba.

To, ba sai an yi ta kewaye-kewaye ba, kishi ne ya kama Malam, tsagwaronsa. Ba irin wanda ake faɗa a huce ba, irin wanda ke zama a ƙirji ya hana mutum jin daɗin shayi. Idan ya ji ƙarar takalminta a baranda sai ya tura ƙofarsa. Idan ta gaishe shi har ƙasa sai ya ce a ransa, ji munafunci. Idan ta gaishe shi a tsaye tana sauri, ya ce ka gani, an fara. Jarida ta buga hoton taron, ga Dakta a tsakiya tana murmushi, shi kuwa gwiwar hannunsa kawai ta fito da igiyar jaka. Ya yanke hoton ya ajiye a aljihun tebur, kullum sai ya ciro ya kalla, kamar mai taɓa haƙori mai ciwo da harshe.

Matarsa ta ce masa wata rana, "Malam, yarinyar nan fa kai ka rene ta. In ta yi sama ai kai aka ɗaga."

"Ke ba ki san aikin jami'a ba," ya ce, ya jawo jarida ya rufe fuska.

Bayan wata huɗu aka kira taro kan famfo na biyu. Manajoji sun zo, har da tsoho Mai Sabulu, wanda shi kaɗai ne a cikinsu ya taɓa ba Malam kujera a shekarun zarya. Dakta ta haska taswirar unguwar, ta ɗora sanda a kan wani fili kusa da busasshiyar kwata. Kamfanin fenti ne ya ba da filin kyauta, ta ce, kuma yana tsakiyar gidajen da suka fi nisa da famfon farko.

 Malam ya san filin nan. Wani dattijo ya taɓa gaya masa cewa tun kafin zuwan manajan kamfanin fentin na yanzu, a nan ake binne tsofaffin gangunan fenti. Ya auna rijiyoyi biyu na kusa, ya samu sun fi kowanne muni. Ya rubuta da fensir a shafin ƙarshe na littafin, shafin da Dakta ba ta kwafa ba, don bayan ta mayar masa da littafin ya rubuta.

"Akwai mai magana?" in ji Dakta.

Mai Sabulu ya juyo da kujerarsa. "Malam, kai ka san unguwar nan. Me ka gani?"

Maganar tana bakinsa. Sai ya kalli Dakta, tsaye gaban hasken, manajoji sai gyaɗa mata kai suke, kishin nan ya taso masa.

"Ni ai sauransu ne, ranka ya daɗe," ya ce yana murmushi. "Shugaba ta gama magana."

Aka yi dariya. Dakta ba ta yi ba. Aka sa hannu a takarda, aka tashi.

A hanyar komawa ofis ya lallashi zuciyarsa da kyau. Me ya yi? Ai ba a buɗe famfo sai an kawo ruwan ɗakin gwajinsa, har zuwa lokacin kuma a kulle zai zauna da sarƙa. Babu wanda zai sha. Za su haƙa, ya auna, ya rubuta sakamakon da hannunsa, ya aika wa shugaban jami'a. A ranar za a gane bambancin mai hotuna a bango da wanda ya taka unguwar da ƙafarsa. Har jimlar da zai faɗa a taron ya shirya, yana ta gyara ta a ransa.

Aka yi mako uku ana haƙa, aka kafa famfo. Aka turo masa takarda ya je ya ɗebo ruwan gwaji. Ya bar takardar a kan tebur kwana tara, wai don su ma su ɗanɗani jira.

A rana ta goma da hantsi ya sa sabuwar riga, ya rataya jaka, ya nufi unguwar yana jin ƙafarsa ba nauyi. Tun daga kwanar layin ya fara ganin bokitai a jere. Ya ce ƙila layin famfon farko ne ya yi tsawo. Da ya ƙarasa filin sai ya ga mata cike, hannun famfo na sama yana ƙasa, sarƙar kuwa tana yashe a gefe.

Gwaggo mai wanki ce ta fara hango shi. Ita ce tsohuwar da ta fara buɗe masa rijiyarta shekarun baya, kullum ya zo sai ta ajiye masa kujera a inuwa.

"Ga mai famfon da kansa," ta ce wa matan. "Sannu da zuwa, ɗana. Allah ya yi maka albarka."

"Gwaggo, wa ya cire sarƙar nan?"

"Mu muka cire. Masu haƙa sun ce a jira takarda. Muka jira kwana biyu, shiru. Na ce wace takarda kuma? Famfon Mai Kwalabe ne fa. Mutumin da ya shekara uku yana auna ruwanmu zai bari a haƙa mana a mugun wuri?"

 "Famfon wa kika ce?"

"Naka mana. Ai haka muke ce wa wancan na farkon, famfon Mai Kwalabe. Wannan kuma ƙanensa. Yara ma haka suka sani."

"Amma allon, Gwaggo. Ba sunana a allon."

Ta yi dariya har tana riƙe ƙugu. "Wane allo? Dutsen da muke ɗora sabulu? Wa ya taɓa karanta shi a nan? Mu wanda muka gani a ƙofar gidajenmu muka sani."

A bayanta wata matashiya mai tsohon ciki, surukarta, ta tara kofi a bakin famfon, ta cika, ta kai baki. Malam bai san lokacin da ya isa wurinta ba. Ya karɓe kofin ya zubar a ƙasa.  Ya sunkuya ya ɗauki sarƙar, ya naɗe ta a hannun famfon.

"Kwana nawa kuna sha?"

"Mako guda ke nan," in ji Gwaggo, dariyar ta ɗauke daga fuskarta. "Lafiya, ɗana?"

 Ya ciro waya ya kira Dakta. Bugu ɗaya ta ɗauka.

"'Yata," ya ce, "ki zo filin yanzu. Ki taho da likitan jami'a. An binne ganguna a ƙarƙashin wurin nan. Akwai shafin da ban nuna miki ba."



"Malam," ta ce a hankali, "tun yaushe ka sani?"

Ya ɗago kai. Gwaggo na tsaye a gabansa, ba ta fi taku biyu ba, ta dafa kafaɗar surukarta, tana jin duk abin da yake faɗa. Ba wurin da zai matsa ya yi magana ba ta ji ba.

"Tun ranar taro," ya ce.