Faifan Muryoyin Mahaɗa

Su huɗu ne, kuma duk a ƙungiyar mawaƙan coci suke. Simon akawu ne a ofishin reluwe na Kafanchan, shi ke da jita. Lai'atu mai ɗinki ita ke ɗaukar muryar sama. Eli, yayan Bernice, yana riƙe ƙasa da muryarsa mai kauri. Ita kuwa Bernice, malamar aji huɗu a firamare, tana tsakiya, kuma ita ke zama da fensir ta raba wa kowa layinsa da do-re-mi a wani tsohon littafin darasi.

A ƙarshen 1973 Simon ya ce su gwada waƙoƙin da ba na coci ba. Suka sa wa kansu suna Muryoyin Mahaɗa, saboda garin nan ne layukan dogo ke haɗuwa. Waƙoƙinsu masu sanyi ne, jita ɗaya da 'yar ƙaramar ganga, sai muryoyi huɗu da ke shiga juna har ka rasa ta wa ce ta wa. Akwai ta matar da ke jiran jirgin Inugu, akwai ta ruwan farko a kan dutsen Kagoro. Bernice takan kwashe mako biyu a kan layi guda, tana gogewa tana sakewa.

Garin bai karɓe su ba. Dattawan ikilisiya suka ce waƙar duniya ce. A wajen biki kuma, ba su kai rabin waƙa ta biyu ba wani ya ɗaga kwalba ya ce, "Ku ba mu abin rawa mana! Jana'iza muka zo?"

Mutum ɗaya ne ya saurare su da kunnen gaske, Mijinyawa mai shagon rediyo da fayafayi a kasuwa. Shi ya haɗa su da wani mai ɗakin ɗaukar murya a Kaduna. Suka hau jirgi da kayansu na Lahadi.

Mutumin ya ji waƙa biyu yana taɓe baki. "Muryoyinku sun yi yawa," in ji shi. "Mai saye murya ɗaya yake nema." Ya ja Simon waje suka jima. Da Simon ya dawo sai ya ce, "Ba komai, mu yi yadda muka saba." Suka yi yadda suka saba, kuma Bernice ta san ba su taɓa yin waƙa mai kyau kamar ta ranar ba. Eli da ba ya kuka sai da ya share ido.

Bayan wata uku faifai ya iso. Shekarar Udoji ce, da aka yi wa ma'aikata babban ƙarin albashi, gida-gida an sayi abin sa faifai, sai suka ɗauka lokacinsu ne ya zo. Da tsakar rana suka taru a shagon Mijinyawa, ya ɗora allura.

Ganguna ne suka fara tashi, waɗanda ba su taɓa ji ba, sai busa mai ƙara. Muryar Lai'atu ta fito gaba ita kaɗai, jitar Simon na biye. Bernice ta matsa kunne jikin lasifika tana neman kanta. Can ƙasa ta jiyo wani abu kamar ana magana a ɗakin maƙwabta. Ta ɗauki kwalin ta duba. An rubuta Simon da Lai'atu.

"Simon, ka san da wannan?"

Ya kalli ƙasa. "Malama, mutumin Kadunan ya ce in ba haka ba ba zai buga ba. Na ga gara a samu ƙofa tukuna, na biyu sai mu yi yadda muke so."

"Ka sa muka tsaya wuni guda muna waƙa, alhali ka san za a danne mu?"

"Ni ma ban sani ba, wallahi, Sista," in ji Lai'atu, amma idonta na kan sunanta a kwalin.

Eli ya juya ya fita. Ya ɗauki kekensa ya tafi.

Ba a yi na biyu ba. Faifan ya faɗi tsakani: masu rawa suka ce ya yi sanyi, masu son sanyi suka ce ya yi hayaniya. Wata goma sha huɗu ke nan ƙungiyar ta yi a duniya. Simon ya ajiye aikin reluwe ya bi makaɗan wani otal a Kaduna. Lai'atu ta bi shi, ba ta shekara ba ta dawo ta yi aure a Manchok. Eli ya koma Kachia noman citta, ko a coci ya daina buɗe baki.

A 1978, wata Talata lokacin tara, aka ce wa Bernice tana da baƙo a bakin aji. Simon ne, ya rame, takalminsa duk ƙura. Bayan gaisuwa ya ce wani mai shirya shiri a rediyo ya ji faifan, ya kasa kunne ya gano akwai muryoyi a ƙasa, yana so a rera masa waƙoƙin yadda suke tun asali.

"Ku ba shi tef ɗin farko mana," in ji ta.

"An ɗauki wata waƙa a kansa tuntuni."

"To."

"Littafin nan naki fa?"

"Gara ta cinye shi." Wannan gaskiya ne.

"Amma ai yana kanki, Malama. Ni nawa layin kawai na sani. Ki rubuta mana, na yi alkawari wannan karon sunanki ne a gaba. Zan je Kachia in roƙi Eli da kaina."

Bernice ta dube shi. Layukan nan huɗu duk suna kanta, ba wanda ya ɓace, har inda Eli ke jan numfashi. Ta tuna yadda ta manna kunne a lasifika a gaban mutanen kasuwa.

"Na manta," ta ce.

"Malama, don Allah."

"Na ce na manta, Simon. Ka gai da Kaduna."

Aka kaɗa ƙararrawa. Ya tsaya ɗan lokaci yana juya hularsa a hannu, sannan ya nufi tasha. Ba a yi shirin ba.

Da aka tashi makaranta, tana tafe gida ta bayan kasuwa, sai ta tsinci kanta tana rera nata layin na waƙar jirgin Inugu. Shi kaɗai ba ya kama da waƙa, sauti uku ne ko huɗu suna hawa suna sauka, da gurabe inda sauran ya kamata su shigo. Wata mai sayar da gyaɗa ta juyo tana kallonta, sai Bernice ta yi shiru ta ƙara sauri.