Tozon Fatoma

Taku goma sha biyu ne daga zaure zuwa ƙofar ɗakin Saude. Ran nan sai da mijinta Garzali ya tsaya sau biyu kafin ya cinye su. A tsayawa ta biyu ya dafa katanga, ya danne ƙirji da tafin hannu, gumi na ɗiga daga gemunsa alhali ko hantsi bai yi ba.

"Maigida, lafiya?"

"Ƙwannafi ne," in ji shi. "Ba ni jiƙon kanwa."

Abin da mahaifinsa ya ce ke nan a Kano, ya kishingiɗa bayan azahar, bai sake tashi ba.

Garzali fatoma ne a Kasuwar Shanu ta Maiduguri. Shi ke saukar da makiyayan da suka koro shanu daga daji, ya ciyar da su, ya sayar musu da dabbobinsu. Kowace safiya mahauta kan aiko masa da tozo, kitsen nan na doron bijimi, don girmamawa. Makiyayan Shuwa kuwa ba sa zuwa sai da goran man shanu. Kuma al'ada ce fatoma ya sa hannu a akushi ɗaya da kowane ayarin baƙi, har wata rana ya ci abincin rana sau uku, ya bi da shayi mai kauri da taba sigari, yana zaune a tabarma tun safe. A kasuwar nan tumbi shi ne shaida. Makiyayi kan dubi cikin mutum kafin ya damƙa masa shanunsa.

* * *

Da naci da hawaye Saude ta tura shi asibiti. Da la'asar maƙwabciyarsu Rhoda, 'yar wajen Biu, wadda ke aikin jinya a can, ta shigo ko farar rigarta ba ta cire ba.

"Wushe, sannu, Maman Hassana. Zauna, ba zan ɓoye miki ba. Jininsa ya hau ƙwarai. Zuciyarsa tana jan kayan da suka fi ƙarfinta, ga kitse yana toshe mata hanya."

"To ba allura za a yi masa ba?"

"An ba shi ƙwaya, amma babban maganin yana madafarki. A daina tozo, a rage man shanu da gishiri. Sigari kam ya bar shi gaba ɗaya. Ki ba shi kifi da ganye, ya riƙa takawa zuwa kasuwa da ƙafa. Wanda ubansa ya tafi ta wannan hanya, ba ya wasa da ita."

Saude ta yi yadda aka ce. Tozo ya riƙa wucewa akushin baƙi, na maigida kuwa daban, kifi da zogale da ɗan tuwo. Garzali ya yi ƙunƙuni na mako biyu, ya ce miyar kamar ruwan wankin tukunya, amma ya ci. Cikin wata huɗu ya koma shiga gida ba tsayawa. Kumburin ƙafarsa ya saɓe. Wata safiya har ta ji shi yana tsokanar 'yarsu Hassana yana dariya, dariyar ba ta ƙare da tari ba. Saude ta shige ɗaki ta yi kukan daɗi.

Sai dai manyan rigunansa sun fara yi masa yawa, kuma kasuwa tana da ido. Aka fara raɗa cewa fatoma ya karye. Wasu suka ce jifa aka yi masa. Ranar da wani dattijon Shuwa, baƙonsa na shekara goma, ya ga an ajiye wa Garzali kwanonsa daban, sai ya janye hannu daga akushi.

"Me ke cikin abincin nan da kai ba za ka ci ba?"

Washegari dattijon ya kora shanunsa gidan Babakura, wani fatoman da sai an kama shi yake tashi daga zaune. Ayari biyu suka bi bayansa. Zauren da ba ya rabo da takalma a ƙofa ya zama wurin kwanciyar akuya.

Sannan Binta, yayar Garzali, ta iso daga unguwar Umarari, ko zama ba ta yi ba ta tsaya tsakar gida.

"Saude, me ƙanena ya yi miki? Duk gari ana cewa kina kashe shi da yunwa. Mutum kamar sa, kin mai da shi kara!"

"Yaya, asibiti ne suka ce..."

"Asibiti ne suka aura miki shi? Rama ce lafiya? Mu muka raine shi, da mai muka raine shi. Ubanmu kwanansa ne ya ƙare, ba tuwo ya kashe shi ba."

* * *

Da damina ta ɗauke, labari ya zo cewa manyan garkuna na tafe daga bakin tafki. Garzali ya zauna kusa da murhu, abin da bai taɓa yi ba, ya daɗe yana tona ƙasa da tsinke.

"Saude, gobe ki haɗa mana akushi ɗaya. Yadda kika saba da."

"Maigida, ka ji abin da Rhoda ta ce."

"Na ji. Na kuma ji daɗin jikina, ban musa ba. Amma in ayarin nan ma ya wuce ni, na tashi daga fatoma. Me zan zama a garin nan? Na wannan kakar kawai. In sun dawo hannuna, sai mu koma kifinki."

Ba tsawa ya yi mata ba, roƙonta ya yi, kuma wannan ya fi mata ciwo. Da tsawa ce, da ta iya tsayawa.

Da safe ta yanka tozon da hannunta. Ta zuba man shanu ludayi uku, ta ga ya narke ya rufe fuskar miya, ta barbaɗa gishiri yadda baƙi ke so. Ta sani sarai abin da take dafawa. Daga zaure ta ji ana shewa, sannan ƙamshin sigari ya biyo iska ya shigo.

Baƙi suka dawo, har da dattijon nan. Kaka ta wuce, ba a koma kifi ba, don yanzu akwai ayarin da za a riƙe. Rigunan suka sake cika. Mata suka koma gaishe da Saude da fara'a, Binta har turmin atamfa ta aiko mata. Rhoda kuwa ta zo sau biyu, ta yi magana, ta gaji. A zuwa na uku ta tsaya a ƙofa kawai, ta dubi tukunya, ta dubi Saude, ta juya.

Saude ta koma ƙirga taku. Tsayawa ɗaya. Bayan wata guda, biyu. Ranar wata Laraba da azahar ta ji ya tsaya a taku na biyar. Ta riƙe muciya tana jiran na shida, sai ta ji faɗuwar abu mai nauyi.

* * *

Ranar sadakar uku gidan ya cika. Binta na zaune gefen Saude, idanunta sun kumbura, tana ba matan da suka zo ta'aziyya labari.

"Maza sun ce sai da aka yi ta canjin hannu a makara saboda nauyinsa kafin a kai shi makwanci. Ƙanena bai tafi da yunwa ba." Ta kama hannun Saude ta matse. "Na yafe miki abin da ya wuce, ƙanwata. A ƙarshe kin riƙe shi da kyau. Allah ya yi miki albarka."

Matan suka amsa da amin. Rhoda, can bakin ƙofa, ta sunkuyar da kai.

Sai aka yi sallama daga zaure, aka miƙo saƙon dattijon Shuwa na ta'aziyya. Goran man shanu ne, cike har wuya. Ba a sami wurin ajiye shi ba saboda cunkoso, sai aka ɗora wa Saude a cinya, ta riƙe shi da hannu biyu don kada ya zube.