Mahaucin Hamburg, Mijina

Mijina Clarrie Weise bai taɓa taka ƙasar Jamus ba. Ko Sydney sau ɗaya ya je, ya dawo yana ƙorafin ba su iya gasa kabewa ba. A ƙauyen Laidley aka haife shi, a gonar dankalin kakansa Bajamushe, kuma Jamusancin da ya gada bai wuce addu'ar cin abinci da sunayen shanu biyu ba. Amma duk ranar Asabar sai ya aske kansa ƙwal, ya yafa baƙar alkyabbar da na ɗinka masa da hannuna, ya hau dandalin kokawa a nan Brisbane da sunan Mahaucin Hamburg, wai shi mutumin wannan birni na Jamus. Can zai buɗe murya ya yi ta surfa wa 'yan kallo wannan addu'ar, su kuma suna zaton iyayensu yake zagi.

Kafin a fara yaƙi da Jamus ban damu ba. Dole wani ya zama mugu a dandali, shi kuma Allah ya ba shi wuya da fuskar aikin. Amma da jiragen Japan suka jefa wa garin Darwin bama-bamai, sojojin Amurka suka cika gari har mutum ba ya samun wurin tsayawa a taragon cikin gari, sai zauren kokawa ya koma cika maƙil. Mista Pengelly, mai shirya wasan, ya ce wa Clarrie ya ƙara gishiri. Shi kuma ya ƙara har da barkono: ya shiga nuna tuta da yatsa yana dariya, yana faɗa da ƙarfi cewa London ta kusa faɗuwa. Na roƙe shi ya canja suna, ya zama ɗan Rasha ko ɗan ko'ina ma. Ya dube ni kamar na ce ya canja uwa, ya ce mutane ba wawaye ba ne.

'Yan kokawa suna da wata doka da suka riƙe fiye da yadda suka riƙe coci. Ba a taɓa gaya wa bare cewa shirya wasan ake yi, kuma matar mutum ma bare ce. Babban abokin gabar Clarrie a dandali shi ne Lionel Tuckey, gwarzon da mata ke jefa wa furanni. Duk Lahadi Lionel yakan biyo ta lungun baya, ya tsallako katangarmu ta gindin mangwaro, su shige ƙarƙashin gida inda nake shanya, da yake a kan dirkoki aka gina gidan. Ina tsaye da kwandon wanki ina jin su: ka kama ni nan, ni zan faɗi can, kada ka sake taka min yatsa irin na wancan makon. In sun hau shan shayi, shayin da nake ta tattalinsa saboda awo ake ba mu, sai su ce min injin matse wanki suke gyarawa. Injin nan sun yi shekaru suna gyara shi, har yau da hannu nake matsewa.

Wata safiya 'yan sanda biyu suka ƙwanƙwasa ƙofa, Clarrie yana ɗaure takalmi zai tafi aikinsa na mayanka. Suka ce mutane da yawa sun kai ƙararsa, cewa yana yabon abokan gaba a bainar jama'a. A lokacin kwasar mutane ake yi. An kwashi manoma masu sunan Jamusawa daga yankinsu Clarrie, an kwashi Italiyawa daga gonakin rake, an zuba su a jirgin ƙasa zuwa sansanoni can kudu. Haihuwa a ƙasar ba ta ceci kowa ba. Wani maƙwabcin surukata, mai ciwon ƙirji irin na Clarrie, a akwati ya dawo. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba, amma na ce wa kaina abin mai sauƙi ne: zai ce wasa ne, su yi dariya, a sallame shi.

Aka kira mu gaban wani kyaftin a wani ofis na bene, tagoginsa duk an manne su da takarda saboda bam. Mutumin kirki ne, da ganinsa ka san so yake ya sallame mu ya tafi cin abinci. Ya karanto abin da ake zargi, sannan ya miƙa wa Clarrie hanya a buɗe. Ya ce ai ya san yadda waɗannan abubuwa suke, maganar dandali ce kawai, shiri ne, ko ba haka ba?

Clarrie ya gyara tsayuwa. "Yallaɓai, ni kokawa nake yi. Ban san wani shiri ba."

Kyaftin ya sake tambaya ta wata hanya. Ya sake ta uku, a hankali, yadda ake lallaɓa yaro ya sha magani. Mijina ya kafe. Har ƙari ya yi cewa duk wanda ke shakka ya hau dandali ya gwada. Na daka masa harara, ya mai da idonsa kan bango.

Aka shigo da Mista Pengelly. Ya dubi rufi, ya ce a zaurensa wasa na gaskiya ake yi, kuma abin da ɗan kokawa ya faɗa daga zuciyarsa yake fitowa. Sai aka kira Lionel, na sauke ajiyar zuciya. Mutumin da ya riƙe 'yarmu ranar baftisma ke nan, ko da yake ta ƙofar baya ya shiga cocin. Ya tsaya gumi na zubo masa, ya ce bai san Weise ba sai a dandali, kuma mugu ne, ya taɓa karya masa haƙarƙari. Wallahi na ga Clarrie ya ɗan gyaɗa masa kai, irin na yabo. Ana shirin tura shi inda ba lalle ya dawo ba, shi yana jin daɗin abokinsa ya iya riƙe baki.

Kyaftin ya cire tabarau ya murje ido. Ya ce to, in haka ne ba shi da zaɓi. Ya jawo alƙalami.

Ban san sanda na miƙe ba. "Yallaɓai, ka ce wa Mista Tuckey ya buɗe kwat ɗin da ke jikinsa."

"Merle," in ji Clarrie, a ƙasa-ƙasa. "Zauna."

"Kai ka zauna. Ka yi maganarka, mun ji."

Lionel ba shi da kwat ta shiga gaban manya, kuma tufafi ma awo ake yi. Jiya-jiyan nan ya turo matarsa ta karɓi ta auren Clarrie ta kan katanga. Da ya buɗe, ga sunan mijina a ciki da jan zare, ɗinkina. Na ce wa kyaftin ya taɓa ganin wanda aka karya wa haƙarƙari ya je aron riga gidan wanda ya karya shi? Daga nan bakina ya ƙi rufuwa. Na faɗi Lahadi da ƙarƙashin gida da injin wanki. Na karanto masa zagin Jamusancin daga farko har ƙarshe, na gaya masa roƙon albarka ne a kan dankali. Na faɗi wanda zai ci ranar Asabar mai zuwa da irin kamun da zai ci da shi. Su ukun suka sunkuyar da kai kamar na tuɓe su a kasuwa.

Kyaftin ya mai da tabarau ya dube ni. Ashe shi ma ɗan kallo ne. Ya tambaye ni a hankali ko har da wasan watan jiya, wanda Tuckey ya tashi jini na bin fuskarsa ya yi nasara. Na ce da guntuwar reza ya tsaga goshinsa da kansa, rezar ma tamu ce. Ya rufe alƙalaminsa, ya ce Clarrie ya tafi gida, kuma kada ya sake jin labarin wani Mahauci a garin nan. Bai dubi ko ɗayansu ba da za su fita.

Tun a matakala Mista Pengelly ya gaya wa Clarrie kada ya zo Asabar, da wannan sunan ko da wani. Mutumin da ya kasa riƙe matarsa, in ji shi, ba a ba shi amanar dandali. Labari ya bi 'yan kokawa har Melbourne. Lionel bai sake tsallako katangarmu ba. In mun haɗu da shi a hanya sai ya tsallaka titi, kuma wannan karon ba don 'yan kallo ba ne.

Clarrie bai yi min faɗa ba, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Gashinsa ya tsiro, ashe duk ya yi furfura ban sani ba. Ranar Asabar yakan zauna a baranda tun la'asar yana kallon sojoji da 'yanmata suna wucewa zuwa zaure, hannuwansa a kan gwiwa, babu abin da za su kama. Wata rana na kawo masa abinci nan, ya dubi farantin ya ce:

"Da kin bari sun tafi da ni, Merle, da in na dawo ɗan kokawa ne ni."

"In ka dawo," na ce.

Na ajiye masa cokali na zauna kusa da shi. Can daga zaure muka jiyo ihun jama'a ya tashi, sun sami sabon wanda za su tsana, sai na ga ya juya kansa wajen don ya ji da kyau.